Jawabi A Kan Yaran Rohingya Masu Shanyewar Jiki

Yau zan kai ku nesa, can nahiyar Asiya, wata ƙasa da ake kira Bangaladesh.

A watan Agusta na 2017 sojojin ƙasar Myanmar, wadda a da ake kira Bama, suka far wa ƙabilar Rohingya a jihar Rakhine. Mutane fiye da 700,000 suka gudu. Da yawa sun ƙetare kogin Naf, suka shiga Bangaladesh. Yau wajen mutum miliyan ɗaya ne ke zaune a sansanonin yankin Cox's Bazar. Mafi girma shi ne na Kutupalong. Fiye da rabin mutanen nan yara ne.

A cikin yaran akwai masu wata lalura da mu ma muna da ita a ƙauyukanmu. Yaro ya kai wata shida wuyansa bai tsaya ba. Ya shekara bai zauna ba. Hannu da ƙafa su sandare, ko jiki ya yi laushi kamar tsumma. Wani ba ya iya haɗiye abinci sosai, miyau na zuba.

Wannan ba shan inna ba ne. Ba aikin iska ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Rauni ne da ƙwaƙwalwa ta samu tun yaro yana ciki, ko wajen haihuwa, ko yana jariri. Doguwar naƙuda tana jawo shi. Haka haihuwar bakwaini, da shawara mai tsanani a jariri, da sanƙarau. A cikin yara 1,000 akan samu 2 ko 3. To, ku tuna halin macen da naƙuda ta kama a hanyar gudu, ba ungozoma, ba asibiti.

Raunin ƙwaƙwalwar ba ya warkewa, amma ba ya ƙaruwa. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙagewar gaɓoɓi. In aka bar yaro kwance wuri ɗaya kullum, gwiwa da gwiwar hannu sai su lanƙwashe su ƙi miƙewa. Gyambo ya fito a baya da ƙugu.

Nan ne aikin masu gashi yake. Kada sunan ya ruɗe ku, ba ruwan zafi ba ne. Motsa jiki ne a hankali. A sansanonin, ƙungiyoyi irin su Humanity & Inclusion, wadda a da ake kira Handicap International, suna tura ma'aikata bukka-bukka. Amma ma'aikaci zuwa yake yi ya tafi. Uwa ce ke tare da yaron dare da rana. Saboda haka babban aikinsa shi ne ya koya mata.

Yana nuna mata yadda za ta miƙe ƙafar yaro ba tare da fizga ba. Ta riƙa juya shi. Ta kwantar da shi rub da ciki yana farke, ta sa abin wasa a gabansa don ya ɗaga kai. Wajen cin abinci ta zaunar da shi a miƙe, kansa ya ɗan sunkuya, ta ba shi kaɗan-kaɗan. Ɗura wa irin wannan yaro abinci yana kwance haɗari ne, domin abincin yana iya shiga huhu.

Sai kuma kayan taimako. Kowa keken guragu ya sani. Amma sansanin Kutupalong a kan tuddai yake. Hanyoyin matsattsu ne, da matakala da yawa, ga taɓo idan damina ta sauka. Bukkokin gora ne da tamfol, ƙanana. A wuri irin wannan keke yakan zama kayan ajiya. A ganina abin da ya fi amfani shi ne 'yar kujerar katako mai jingina ta ɓangare biyu kamar kusurwar ɗaki, da ɗan tebur a gaba. Yaro ya zauna, ya ga mutane, hannunsa ya sami abin taɓawa. Akwai katakon tsayuwa da ake ɗaure yaro a jiki don ƙafa ta saba ɗaukar nauyi. Akwai takalmin roba mai riƙe diddige. Ana kafa gora biyu a jere, yaro ya dafa ya koyi taku. Ko cokali ma, in aka naɗe mariƙinsa da tsumma ya yi kauri, wani yaron zai ci da kansa.

Sai dai kowane kaya da awonsa. Yaro girma yake yi. Kujerar bara ta yi masa kaɗan bana, takalmin da ya matse zai ji masa ciwo. Dole a riƙa komawa wurin mai gashi ya sake awo. Uwa kuma ta duba fatar ƙafar duk lokacin da ta cire takalmin. In ta ga wuri ya yi ja ko ya kumbura, ta ajiye shi sai an gyara.