Jawabin Shugaban Taro a Wajen Ƙaddamar da Littafin Tarihin Unguwannin Birnin Kano

 

Mai girma wakilin Gwamna, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, iyayen ƙasa hakimai, dagatai da masu unguwanni, malamanmu na zaure da na jami'a, babban mai ƙaddamarwa da sauran attajiran da muka sa wa ido yau, iyayenmu mata, 'yan jarida, jama'a, assalamu alaikum. Baƙinmu na Zazzau ma muna yi musu maraba, sun zo ganin yadda birni yake. Kada ku harare ni, wasanmu ne tun kaka da kakanni.

Marubucin nan ya yi aiki, Allah ya saka masa. Ya ɗauko zancen daga gindin Dala, ya biyo ta kan Sarki Gijimasu da ya fara ganuwa, da Wangarawan da suka iso zamanin Yaji har Madabo ta zama gidan karatu. Ya daɗe a kan Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, mai Kasuwar Kurmi da gidan da ake sarauta a ciki har yau. Ya shiga Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Dandalin Turawa, inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna, don mai cewa Kano ta mutum ɗaya ce ya ga amsarsa. Bai tsallake mutane ba: Alhaji Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, Malam Aminu Kano daga Sudawa zuwa Gwammaja, Shehu Nasiru Kabara. Har wajen gari ya leƙa, Fagge da Sabon Gari.

To, takardar da aka rubuto mini a nan ta ce in yi godiya in zauna. Ba zan zauna ba tukuna.

Ina ganuwa? Wannan badala da kakanninmu suka ɗora da hannu, ƙwarya bayan ƙwarya, mu muke cinye ta. Ku bi ta gefenta da safe ku gani. Mai yin bulo ya kafa diga yana haƙar ƙasarta, a-kori-kura na jira a loda. Gaba kaɗan an daddasa fegi, wata mai zuwa shaguna ne a jere. Ka tambaya a ce maka da takarda. Wa ya sa hannu a takardar? Aljani? Wasu daga cikin masu sa hannun na iya kasancewa a zauren nan sun sha babbar riga. Ban ambaci suna ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Samarin da ke baya, ku ajiye wayoyin nan, gadonku ake magana a kai.

A 1903 sai da Turawa suka sa igwa kafin su shigo garin nan ta wajen Kabuga. Abin da igwa ta bari, mu muka sa masa katafila. An rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Ba na faɗa da titi, ni ma a mota na zo. Amma ƙofar da aka gina jiya ba ita ce wadda kakanka ya bi ya fita gona ba. Tun 2007 sunan ganuwar nan ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Ran da masu dubawa suka zo, me za mu nuna musu? Shagon sayar da taya?

Haka kududdufai. Ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne, su ke shanye ruwan unguwa da damina. A cika su da shara, a yanka filoti, sannan Agusta ta zo ruwa ya rasa gidansa ya shiga ɗakin talaka, mu taru muna jaje muna cewa ƙaddara.

Roƙona ga wakilin Gwamna, ranka ya daɗe, ka isar: a shata abin da ya rage na ganuwa, a dakatar da ba da fili a jikinta, a kafa alluna a bakin kowace unguwa da tarihinta a taƙaice. Masu unguwanni kuma, Allah ya ba ku nasara, dattijan da suka san wane gida ne na wa suna ƙarewa, a tura yara su ɗauki maganarsu.

Marubuci ya raɗa mini cewa juzu'i na biyu na nan a rubuce, kuɗin ɗab'i ya rage. Alhazai, kun ji. Babban mai ƙaddamarwa, bismillah, fili naka ne.