Kafin a zana titi a Klemat, an tambayi mai ƙwaryar nono?

 

Yau hirarmu a cikin birnin Njamena take, a unguwar Klemat ta gunduma ta biyu. Na san wani zai ce, to ni da nake bin shanu, ina ruwana da tsarin birni? Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, ka ba ni minti kaɗan. Nonon da matarka ta tatsa da asuba a birni ake shan sa, kuma ƙafar da ta kai shi ita ce ke taka taɓon da zan ba ku labari.

A daminar da ta wuce na kwana a Klemat wurin 'yan'uwa. An yi ruwa da dare. Da gari ya waye na fito ƙofar gida, babban titi mai kwalta ya tsane, motoci na wucewa abinsu, amma lungun da muke ya zama tafki. Su wa na gani a cikin ruwan? Wata mai nono ta ɗage zane, ƙwarya a ka. Yarinya da jarka biyu tana neman inda famfo ke zuwa. Mai ƙosai tana ta jera bulo don ta ɗora kasko. Sai wani dattijo makaho da ya tsaya cak a bakin kwata, don murfinta ya karye kuma ruwa ya rufe ramin. Na ce a raina, wanda ya zana wannan unguwa a mota yake yawo.

Ba zagi ba ne. Haka aka saba tsara birni kusan ko'ina: a kira masu takardar fili da masu lambar shago, a zauna da su, a ce an ji ra'ayin jama'a. To su wa ke da takarda? Galibi maza ne, kuma mazauna. Matar da ke kasa kaya a ƙasa tana biyan tikitin kasuwa kullum, amma sunanta ba ya cikin kowane littafi. Haka baƙon da ya kawo raguna ya kwana uku ya koma. Ranar da aka zo gyara, su ne “masu tare hanya”.

Alhali garin nan da baƙi da dabbobi ya tashi. A 1900 Faransawa suka kafa shi da sunan Fort-Lamy, bayan yaƙin Kusiri inda Rabe ya mutu, sai a 1973 aka mai da shi Njamena. Ku duba sunan unguwar Ardeb-Jumal: da Larabcin Chadi, tsamiyar raƙuma ke nan. Sunan ya rage, raƙuman kuwa an tura su can bayan gari, kuma duk shekara gini na ƙara cin burtali da mashaya.

Bari in kawo muku abubuwa biyu da mutanen Njamena ba su manta ba, dukansu an yi su ne don kare muhalli.

Na farko hana gawayi. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 gwamnati ta hana shigo da gawayi birnin don a daina sare itatuwa. Niyyar mai kyau ce, makiyayi ya fi kowa sanin abin da hamada ke yi. Amma an yanke hukuncin kafin gas ya wadata, kuma tukunyarsa ta fi ƙarfin talaka. Wa ya ɗauki nauyin? Wadda ke gaban murhu. Mata suka koma girki da kashin shanu da ƙwallon goruba, masu tuwon sayarwa da yawa suka nannaɗe tabarma. Da an zauna da masu girkin tun farko, da sun faɗi abin da za a fara tanada.

Na biyu hana leda. A 2010 Marie-Thérèse Mbaïlemdana ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar magajin garin Njamena, kuma a zamaninta aka matsa wa dokar hana leda lamba sosai. 'Yan kasuwa sun yi ƙorafi, har da wasunku masu shigo da ita daga ƙetaren kogi, na sani. Amma kwatoci sun samu sauƙin toshewa, kuma duk wanda ya taɓa yanka akuya ya ga dunƙulen leda a tumbinta ya san amfanin abin. Ba ina cewa don mace ce shi ya sa ta yi daidai ba. Ina cewa ne shara da kwata da tsabtar ƙofar gida aiki ne da mata ke yi kullum, ba sai an kawo musu rahoto ba.

Akwai kuma mai ɗaci. Bayan harin 'yan tawaye na Fabrairun 2008 an yi rusau a unguwanni da dama, har ƙungiyar Amnesty ta ƙirga gine-gine sama da 3,700 da suka ɓace cikin kimanin shekara guda. Idan gida ya faɗi, namiji ya rasa wurin kwana. Mace kuwa sau da yawa ta rasa wurin kwana da wurin sana'a lokaci ɗaya, don a tsakar gidan take suya, a zauren take saye da sayarwa. In ma an zo maganar diyya, mai takarda ake nema.

Yanzu ruwa ne ke tilasta sabon zane. A 2022 da 2024 kogin Shari ya haura mita 8 a Njamena, dubban iyalai a Waliya da kewaye suka bar gidajensu. Ƙasar birnin shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan sama ba ya samun gangara, shi ya sa unguwa kamar Klemat da ba a bakin kogi take ba ita ma take shan nata. A 2023 Bankin Duniya ya amince da wani babban shiri na yaƙi da ambaliya a birnin. Ma'ana za a haƙa magudanai, za a ɗaga ganuwar kogi, za a taɓa wuraren da mutane ke kasa kaya. Wannan ne lokacin magana, tun siminti bai bushe ba.

A birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, a shekarun 1990, hukuma ta tambayi maza da mata yadda suke zirga-zirga a yini. Maza suka ce daga gida sai aiki, daga aiki sai gida. Amsar mata kuwa ta cika takarda: makaranta, kasuwa, asibiti, gidan tsohuwa, yawanci a ƙafa. Daga nan aka faɗaɗa gefen titi, aka ƙara fitilu. Tambaya ce kawai, ba ta cin ko sisi.

Chadi ma tana da abin riƙewa. Tun 2018 akwai dokar da ta ware wa mata aƙalla kashi 30 cikin 100 na muƙaman naɗi da na zaɓe. To amma mace mai digiri a ofis daban, mai ƙwarya a bakin titi daban. Kuma in an kira taron unguwa da Faransanci, da ƙarfe goma na safe, lokacin da kasuwa ta cika, an kori mai jin Hausa da Fulatanci da Barbarci ba tare da an ce ya fita ba.

Don haka 'yan'uwa mata masu nono da man shanu, ku haɗu ku rubuta sunayenku da wurin da kowace ke zama, ku kai wa bulaman unguwa kwafi, ku kai ofishin gunduma kwafi, ku riƙe rasiɗan tikitinku. Abin da za ku nema ba boyayye ba ne: rumfa mai inuwa don kada nono ya lalace, famfo, makewayi na mata mai ƙofa, fitila a inda kuke sauka da asuba, da murfi a kan kwata. Ku kuma sarakunan kara da shugabannin fatake, in an gayyace ku taro, ku tambayi inda aka bar wa dabba hanya da wurin shan ruwa a cikin taswirar, ku ce a nuna muku da yatsa. Kuma kada ku je ku kaɗai. Motar da za ta kai ku tana da kujerar baya.