In Inji Ya Ci Hannun Yaro, Wa Zai Biya?

Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, 'yan uwana matasan Malali, Badarawa da Unguwar Rimi, sannunku da zuwa.

Ku duba inda yawancin samarinmu ke neman na tuwo: gidan bulo, gidan ruwan leda, wurin yankan katako, injin niƙa, sai Panteka wajen walda da yankan ƙarfe. Ko'ina inji ne, kuma da yawa bel ɗinsu a fili yake, babu murfi. Ranar da ya ja hannun riga, da yatsu zai tafi. Daga nan fa? Maigida ya biya kuɗin ɗinki, ya ce tsautsayi ne, bayan wata biyu ya ɗauki wani yaro. Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta yafe wa kowa hakkin wani.

Jama'a, akwai doka. A 2010 aka kafa dokar biyan diyyar ma'aikata, hukumar NSITF ke riƙe da asusun. Duk mai ɗaukar ma'aikata wajibi ne ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata, daga aljihunsa, haramun ne ya cire daga albashinka. Dokar ba ta ce sai mai takardar ɗaukar aiki ba. Ɗan aikin yini yana ciki, mai koyon sana'a yana ciki, ko da da baki kuka yi yarjejeniya. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya, kashi 90 cikin 100 na albashinsa aka tanada masa duk wata. Kuma in an sa ka sa hannu cewa ka yafe diyya, wannan takardar ba ta da ƙarfi a doka.

Sai dai akwai wa'adi, a nan ne talaka ke faɗuwa. Ku riƙe lambobi uku. Kwana 14: cikinsu za ka sanar da maigida raunin, kai ko iyalinka. Kwana 7: cikinsu shi zai kai rahoto NSITF. Shekara 1: cikinta za a shigar da neman diyya. Ka je asibiti, ka adana kati da rasit, ka ɗauki hoton injin, ka rubuta sunayen waɗanda suka gani. In an hana ka, akwai kotun ma'aikata a nan Kaduna.

Amma diyya ba ta mayar da hannu. Dokar masana'antu ta 1987 ta ce a killace duk ɓangaren inji mai haɗari, kada a ɗora mutum kan inji sai an koya masa, kuma ta ba sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ikon shiga su duba. To, ku da ke aiki a waɗannan wurare, yaushe rabonku da ganin sufeto? Ko ya zo ma, tarar da ke cikin dokar ta zamanin da naira ke da daraja ce, yau ba ta sayen buhun shinkafa. Mai kamfani zai ji tsoron wannan?

Tsarin mulki ya sa sha'anin ƙwadago a hannun tarayya. Saboda haka ɗan majalisar wakilai na Kaduna ta Arewa da sanatanmu, ko na wace jam'iyya ne, su za mu tambaya: ina gyaran wannan doka, ina kuɗin ɗaukar sufetoci?

Mu ma akwai namu. Ina roƙon matasan kowace mazaɓa su buɗe littafi, duk wanda inji ya ji wa rauni a rubuta shi da ranar, a raka shi ofishin NSITF kafin wa'adi ya wuce. Iyayenmu masu injuna, ba faɗa muka zo yi da ku ba. Murfin bel, ɗan walda zai haɗa muku shi a yini ɗaya. Ku sa a yi shi cikin makon nan.

Allah Ya tsare mana lafiyarmu.