Ma'aunin Zafi Da Yadda Yake Aiki



Tun fil azal hannu shi ne ma'aunin zafi na ɗan Adam, amma shaidarsa ba abar dogara ba ce. Da safiyar hunturu in mutum ya taɓa ƙofar ƙarfe, sa'an nan ya taɓa turmi, zai rantse ƙarfen ya fi sanyi, alhali kuwa wuri guda suka kwana, sanyinsu ɗaya. Ƙarfe ya fi itace saurin janye ɗumin hannu, shi ke nan. Saboda haka masana suka nemi wani abu wanda zafi ke sāke halinsa ta hanyar da ido zai gani a ƙidaya. Abin da suka dogara a kai shi ne, kusan kowane abu in ya sha zafi yakan buɗe ya nemi ƙarin wuri, in kuwa aka hana shi wurin sai ya yi ta tura bangon abin da ya tsare shi.

Wajen ƙarshen ƙarni na 16 Galileo na ƙasar Italiya ya yi wani kwalabo mai dogon wuya, ya kifa bakinsa cikin ruwa. In iskar ciki ta ɗumama sai ta tura ruwan ƙasa, in ta huce ya hau. Aibinsa shi ne bakinsa a buɗe yake, don haka nauyin iskar sararin sama ma yana motsa ruwan, ko zafi bai sāke ba. Wajen 1654 aka toshe wannan kafa a birnin Fulorans, aka zuba barasa cikin gilashi aka liƙe shi ruf. A 1714 Fahrenheit ya ƙera nasa da zaiba, a 1742 kuma Celsius na ƙasar Suwidin ya raba tsakanin daskarewar ruwa da tafasarsa kashi 100. Abin dariya, shi Celsius sifiri ya sa a tafasa, 100 a ƙanƙara, sai daga baya aka juya lambobin.

Ma'aunin gilashi ɗan tulu ne a ƙasa, da bututu mai rami siriri kamar gashi a bisansa. Dabarar duka tana cikin sirantar nan. Zaiba ba ta buɗewa da yawa: kowane digiri guda yana ƙara mata wajen kashi 1 cikin 5,500 na yawanta, abin da ido ba zai gani a cikin kofi ba. Amma da yake tulun cike yake, ɗan ƙarin nan ba shi da mafita sai siririn rami, sai ya miƙe ya zama tsawo mai karantuwa. An fifita zaiba don ba ta liƙe wa gilashi, tana ƙyalli, ba ta tafasa sai wajen digiri 357. Sai dai tana daskarewa a digiri 39 ƙasa da sifiri, shi ya sa ƙasashen sanyi suka riƙe barasa mai launi, wadda ba ta daskarewa sai digiri 114 ƙasa da sifiri, tana kuma buɗewa wajen ninki shida na zaiba, ko da yake tana tafasa tun a digiri 78.

A nan akwai abin da ya kamata ɗalibi ya tsaya a kai. Gilashin ma yana buɗewa. In aka tsoma ma'auni cikin ruwan zafi farat ɗaya, mai lura zai ga zaibar ta ɗan sauka kafin ta hau, gama tulun ne ya fara jin zafi ya faɗaɗa. Watau abin da ake karantawa bambanci ne tsakanin buɗewar zaiba da ta gilashi. Har wa yau gilashi yakan ɗan tsuke da shekaru, sifirin ma'auni ya goce. Gwada shi cikin ƙanƙara mai narkewa yana tona wannan. Gwaji da tafasasshen ruwa kuwa sai da hattara: a Jos, mai tsayin wajen mita 1,200 bisa teku, ruwa yana tafasa wajen digiri 96, kuma wanda bai san haka ba zai yar da ma'auni mai lafiya.

Na asibiti, wanda likitan Ingila Allbutt ya gajarta wajen 1867 har ya shiga aljihu, yana da maƙogwaro matsattse bisa tulunsa. Zaiba takan kutsa ta wuce in tana hawa, amma in ta huce sai zaren ya tsinke a nan, lambar ta tsaya har a karanta. Lambobinsa daga 35 ne zuwa 42. To, a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zafin rana kansa yakan haura 40. Ma'aunin da aka bari a taga ya riga ya hau, kuma in ma'aikacin jinya bai kaɗa shi ya sauko ba, zai rubuta wa mai lafiya zazzaɓi. Zamanin wannan ma'auni yana shuɗewa, domin zaiba guba ce, tururinta yana lalata jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa 2020 a matsayin shekarar daina ƙera irinsa da fataucinsa tsakanin ƙasashe.

Wata matsala ta fi waɗannan zurfi. In aka daidaita ma'aunai biyu masu ruwa daban-daban a wurare biyu, sai a tarar sun saɓa a tsakani, domin kowane ruwa da irin tafiyarsa. Wanne ne mai gaskiya? Bafaranshe Regnault ya yi gwaje-gwaje masu wuya kan wannan a shekarun 1840, ya ga ma'aunan iska sun fi yarda da juna nesa ba kusa ba. Ga yadda ma'aunin iska yake: a tsare iskar gas cikin tulun da girmansa ba ya sākewa, a auna ƙarfin turinta. Kowane digiri guda yana ƙara wa turin kashi 1 cikin 273 na yadda yake a sifiri, kusan ko wace irin iska ce, muddin ba a cushe ta da yawa ba. In aka bi lissafin baya-baya, za a kai inda turi ya ƙare ƙaf, a digiri 273.15 ƙasa da sifiri. Babu sanyin da ya wuce nan, kuma daga nan ma'aunin Kelvin, wanda ya samo asali a 1848, yake fara ƙirga. A 1887 hukumar awo ta duniya ta ɗauki ma'aunin iskar haidurojin ya zama alƙali ga sauran. Yana da girma, yana da jinkiri, ba mai kai shi gadon majinyaci, amma har yanzu ana aiki da na iskar hiliyam wajen tsayar da awon sanyi mai tsanani.

Nau'i na uku shi ne wanda injiniya ya fi cin karo da shi. Tulu ne na ƙarfe, da siririn bututun ƙarfe mai tsawon mitoci, da wani lanƙwasasshen bututu mai kama da lauje a bayan fuska irin ta agogo. Eugène Bourdon ne ya yi rajistar wannan lauje a Faransa a 1849. An cika su duka da ruwa ko iska, an liƙe. In tulun ya ji zafi turi yakan ƙaru, laujen ya nemi miƙewa, ya ja allura. Amfaninsa a fili yake: tulun yana cikin man taransifoma ko tukunyar tururi, mai karatu yana tsaye nesa, kuma ba ya bukatar lantarki ko batir, abin da ba ƙarami ba ne inda wuta ke ɗaukewa.

Raunin wanda aka cika da ruwa shi ne, ruwan da ke cikin dogon bututun ma yana jin zafi. In bututun ya bi ta kan kwanon rufi da tsakar rana, allura za ta ƙara abin da tulun bai ji ba. Akan gyara wannan da bututu na biyu marar tulu wanda ke bin na farko yana soke kuskurensa. Wanda aka zuba wa ruwa mai saurin tururi rabi da rabi ya tsira daga wannan, gama turin tururi ya dogara ne ga zafin wurin da ruwa da tururi suka haɗu, watau cikin tulun. Ana gane shi da lambobin fuskarsa, matsattsu a ƙasa, warwatsattsu a sama. Irin wannan tulu da bututu ne ke kunna injin firiji da yawa yana kashe shi.

Dukan nau'o'in nan uku zafin tulunsu kaɗai suke faɗa. Shi ya sa masu duba yanayi ke ajiye nasu cikin farin akwati mai kafofin iska, bisa ƙasa da fiye da mita guda, don kada rana ta dafa shi. Haka kuma yawancin magungunan rigakafi ana so su zauna tsakanin digiri 2 da 8. In ma'ajin asibiti ya rataye ma'auninsa a jikin ƙofar firiji, zai iya rubuta 5 safe da yamma, alhali kwalaben da ke jingine da bangon baya sun daskare, wasu irinsu kuwa in sun daskare sau guda ƙarfinsu ya tafi. Wurin tulun shi ne tsakiyar kwalaben, kuma a ba shi mintoci ya daidaita da su kafin a karanta.