Burodin da ya bushe bai lalace ba



Kaka ta shigo, sabon dabinon In Salah ya fara isowa kasuwar Assihar, sanyin dare kuma ya fara kamawa. To, maganarmu yau kan dogon burodin nan ne da kuke guzuri da shi. Iskar Tamanrasset kwana ɗaya take mayar da shi kamar itace. Kada ku zubar, kuɗinku ne.

Ga yadda ake yi. A kakkarya burodi 2, a jiƙa a madara lita 1, ta akuya ko ta gari, minti 15. A fasa ƙwai 3, a yanka dabino 10 bayan an cire ƙwallo, a cakuɗa. Sukari ba dole ba ne, zaƙin dabino ya isa. A shafa man shanu a tukunya, a zuba, a rufe. Garwashi a ƙasa, garwashi bisa murfi, kamar rabin awa. Duk wanda ya saba gasa tagalla ya san wannan wutar. Mutum huɗu za su ci su ƙoshi.

Amma fa a kula! Busasshe daban, mai funfuna daban. Burodin da ya kwana a leda ya yi ɗigo kore ko baƙi, kada mutum ya ci, kada a ba dabba. Ko mai kyan ma, kaɗan-kaɗan ake ba tumaki da awaki, don in suka cika ciki da shi lokaci guda yana kumbura su, har ya kashe. A adana a buhu, inda iska ke shiga.

Allah ya kiyaye hanya.