Inuwa Kafin Fure: Jawabin Da Na Gabatar A Taronmu Na Shekara



An kawo shawarar a kashe gudummawar bana wajen shuka ciyawar ado da furanni a bakin ƙofar makarantarmu. Ni dai ban goyi baya ba, kuma ina roƙon ku saurari dalilina kafin a kaɗa ƙuri'a.

Da yawanmu mun wuce Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Ko a tsohuwar harabar kusa da Kabuga ka yi, ko a sabuwa ta Rimin Gata, ka san inda ɗalibi yake nufa in ya fito daga lacca: gindin bishiya. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40. Wa zai zauna kallon fure? Abin da ɗalibi yake nema shi ne inuwa, da benci, da famfo kusa don sha da alwala, da fitila in dare ya yi. 'Yan mata kuma sun fi son wurin da ba bakin hanya ba, amma ba lungu ba. Na taɓa ganin wata jami'a da aka shafe dandali da siminti, aka kewaye shi da furanni. Ƙadangaru ne kawai ke zama.

Iyayenmu manoma na Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa sun riga mu sanin wannan. Gona a jikin gona take, ko tafin hannu ba a bari, amma ba sa sare ɗorawa da tsamiya da gawo. Gawo ma da damina yake kaɗe ganye, sai rani ya yi ya fito da sabo, daidai lokacin da ake neman mafaka. Ita ko ciyawar ado kullum sai an ba ta ruwa, alhali damina a nan wata huɗu ce, rijiyar makaranta kuwa ko yara ba ta isa.

Shawarata, kowane aji ya ɗauki fili ɗaya tsakanin azuzuwa da ɗakunan kwana. A dasa darbejiya don saurin girma, a haɗa da tsamiya don jikoki. A yi dashen a watan Yuli, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a kafa benci. Ajinmu ya ɗauki bayan ɗakin karatu, kuma muna roƙon Malam Shugaban makaranta ya ba mu ɗalibai biyu masu ban ruwa har rani ya wuce.