Tsarin Kanun Babi da Lambobi a Kundin Bincike



Duk wanda ya taɓa duba kundin digiri ya san wannan ciwo. Ƙumshiya ta ce Babi na Uku yana shafi na 47, ka buɗa ka tarar da shi a na 52. Daga sashe na 2.3 sai a tsallaka zuwa 2.5. Ɗalibi ya kwashe shekara biyu yana bincike, ranar kare kundi kuma rabin lokacin ya tafi wajen gyaran lamba. Kusan duk wannan tushensa ɗaya: muna amfani da kwamfuta kamar tafireta. Manhajar Word ta fito tun 1983, LibreOffice kuma kyauta ake samunta, dukkansu suna iya ƙirga babi da shafi da kansu, amma mu muka ɗora wa kanmu aikin.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan ka rubuta "Babi na Ɗaya", ka ƙara masa kauri da girma, ka kai shi tsakiyar shafi, idonka ya ga kan babi, amma a wurin manhaja layi ne kamar sauran layuka. Mutum ne ya ɗaura wa kansa rawani ba a naɗa shi ba: 'yan kallo sa ce basarake ne, fada kuwa ba ta san da zamansa ba. Naɗin shi ne salon da Word ke kira Heading, mai matakai 9. Kan babi a ba shi Heading 1, manyan sassa Heading 2, ƙananan sassa Heading 3. A danne Ctrl da Alt a latsa 1, ko 2, ko 3, an gama. Matakai uku sun ishi yawancin kundaye. Idan launin ko girman bai dace da ƙa'idar sashenku ba, salon kansa za a gyara sau ɗaya, dukkan kanu su bi. A nan ne kuma ake umartar kowane babi ya fara a sabon shafi, a huta da latsa Enter sau ashirin.

Sai lamba. Kada hannunka ya rubuta 1.1 ko 2.4.3. A ƙarƙashin Multilevel List akwai wurin tsara sabon jeri, inda ake ɗaure mataki na ɗaya da Heading 1, na biyu da Heading 2, haka har ƙasa. Daga nan, idan malami mai duba aikinka ya ce a cusa sabon sashe tsakanin 2.3 da 2.4, sauran lambobi za su matsa da kansu. Jami'o'inmu da yawa sun saba fara babi da 1.0 Gabatarwa, wannan ma yana yiwuwa, sai a ce wa mataki na biyu ya fara ƙirga daga sifiri. Jadawali da hotuna su ma za su iya ɗaukar lambar babinsu, kamar Jadawali 4.2, muddin an bi ta Insert Caption.

Lambar shafi ita ce ta fi wahalar da ɗalibai. Shafukan farko, wato sadaukarwa da godiya da tsakure da ƙumshiya, lambobin Romawa suke ɗauka, sannan Babi na Ɗaya ya fara da 1. Wasu kan raba kundin gida biyu saboda haka. Babu buƙata. A saka Section Break kafin babin farko, a kashe Link to Previous a gindin shafi, kowane ɓangare ya samu irin lambarsa.

Amfanin wannan ɗan aiki yana da yawa. Ƙumshiya za ta fito da kanta daga References, har da ɗige-ɗigenta, kuma maɓallin F9 ke sabunta ta bayan kowane gyara. A gefen allo za ka ga jerin kanunka, ka ja sashe guda da linzami ka sauya masa wuri. Akwai kuma abin da ya fi damuna: 'yan'uwanmu makafi da ke karatu da manhajojin karanta allo irin su NVDA da JAWS, da kanun nan suke tsallakawa daga sashe zuwa sashe. Kundin da ba a naɗa kanunsa ba, dole su saurare shi layi-layi.

Ɗalibai, tsarin babi tsarin tunaninku ne. Mai shagon buga takardu zai iya buga muku haruffa, amma bai san wane batu ne uwa wane ne ɗa a bincikenku ba. Ku kuka sani, ku ya kamata ku tsara tun daga shafin farko.

Malamaina, roƙona gare ku guda biyu ne. Kowane sashe ya shirya fayil guda mai ɗauke da salon kanu da lambobi bisa ƙa'idarsa, da nau'in rubutun da ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ daidai, a raba wa ɗalibai ranar da aka amince da batunsu. Sannan a ware zama ɗaya a darasin dabarun bincike don koyar da shi a gaban kwamfuta. Idan an yi haka, ranar kare kundi za mu tattauna hujjar ɗalibi da sakamakon bincikensa, wanda shi ne dalilin taruwarmu.

 Allah ya ba mu ilimi mai amfani.